Kwangila ko Lasisi: Yadda Indunusiya Ta Sake Cinikinta da Kamfanonin Haƙar Nikel

A ranar 10 ga Yunin 2025 gwamnatin Shugaba Prabowo Subianto ta Indunusiya ta soke izinin kamfanoni huɗu masu haƙar nikel a tsibiran Raja Ampat, can ƙuryar gabashin ƙasar a yankin Papua. Jama'a ne suka tayar da ƙura, bayan da hotuna suka bazu na tsibiran da aka kwashe wa daji, ga jar laka tana gangarawa cikin tekun da masana ke cewa da wuya a sami inda ya kai shi yawan nau'o'in murjani a duniya. To amma kamfanoni biyar ne ke da takarda a wurin. Na biyar ɗin, PT Gag Nikel, dakatar da shi kawai aka yi, kuma a watan Satumba ya koma bakin aiki. Hujjar gwamnati ita ce tsibirin Gag yana wajen iyakar da hukumar UNESCO ta shata, kuma kamfanin ya cika sharuɗɗan kare muhalli. Akwai kuma wani bambancin da ya fi wannan tsufa. Kamfanonin nan huɗu lasisi ne a hannunsu. Shi kuwa Gag kwangila yake riƙe da ita, wadda aka sa wa hannu a farkon 1998, watanni kaɗan kafin Shugaba Suharto ya sauka daga mulki.

A kan wannan bambanci na kwangila da lasisi Indunusiya ta shafe kusan shekara sittin tana kokawa da kamfanonin ma'adinai, kuma a kan nikel ne kokawar ta fi zafi. Kusan kashi biyu cikin uku na nikel ɗin duniya yana tafiya ne wajen haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula da kwanuka da kayan aikin asibiti, wani kaso mai ƙaruwa kuma yana shiga batiran motocin lantarki. Yau fiye da rabin abin da ake haƙowa a duniya daga Indunusiya yake fitowa, galibi daga tsibirin Sulawesi da na Halmahera. Nikel ɗinsu ba a cikin dutse mai zurfi yake ba. A cikin jar ƙasa yake, kusa da sama. Ba a haƙa rami a bi ta ƙarƙashi. Daji ake sarewa, a kwashe ƙasar noma, a ɗebi abin da ke ƙasanta da katafila. Shi ya sa duk takardar da gwamnati ta ba kamfanin nikel, tana taɓa gonar wani da rafin wani.

Asalin kwangilar yana komawa ne zuwa 1967. Sukarno, shugaban farko, ya ƙwace kamfanonin Holan a ƙarshen shekarun 1950, masu jari na waje suka watse, tattalin arziki ya durƙushe har hauhawar farashi ta haura kashi 600 cikin 100 a 1966. Da Janar Suharto ya karɓi ragama, kuɗin waje yake nema ido rufe. Sai dai akwai shinge a gabansa: sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1945 ya ce ƙasa da ruwa da dukiyar da ke cikinsu suna ƙarƙashin ikon hukuma, kuma za a yi amfani da su ne don mafificiyar wadatar jama'a. Ba dama ke nan a mallaka wa baƙo ma'adini. Dabarar da aka yi a Doka ta 1 da Doka ta 11 na 1967 ita ce a mayar da kamfanin waje ɗan kwangilar gwamnati. A takarda ma'adinin na hukuma ne, kamfani aiki kawai yake yi mata. Wannan ita ce Kontrak Karya. Kamfanin Freeport na Amurka ne ya fara samu a Afrilun 1967 don jan ƙarfen Papua, sannan a Yulin 1968 kamfanin Inco na Kanada ya sa hannu a kan tasa don nikel ɗin Sulawesi, da filin bincike da ya kai hekta miliyan 6.6 kafin a yi ta rage shi daga baya.

A aikace wannan ɗan kwangila ya fi mai gida kariya. Shugaban ƙasa ne ke amincewa da kwangilar bayan an tuntuɓi majalisa, don haka ake ɗaukarta a matsayin doka ta musamman wadda ke rinjayar dokokin gama-gari. Harajin da aka rubuta a cikinta shi ne harajin, ko da majalisa ta ƙara wa kowa daga baya. Wa'adin haƙa shekara 30 ne, ana kuma iya tsawaitawa. In saɓani ya taso, ba kotun Jakarta za a je ba, kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa za a nufa, inda gwamnati da kamfani ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan kasuwa biyu. Uwa uba, ba a sauya harafi ɗaya sai da yardar ɓangarorin biyu. Duk wanda ya san bambancin jinginar gona da aronta ya gane maganar. Wanda ya ba da aro, in kaka ta yi yana iya cewa baɗi zai nome abarsa. Wanda ya ba da jingina kuwa, gonar tasa ce a baki, amma ba ya sa mata fartanya sai ya warware abin da ya ƙulla. Lasisi aro ne, kwangila jingina ce.

Ba na cikin masu cewa kwangilar duk sharri ce. A 1968 babu kamfanin da zai kai ɗimbin jari tsakiyar dajin Sulawesi, inda tawayen Darul Islam bai daɗe da lafawa ba, ba tare da tabbacin cewa ba za a wayi gari a sauya masa sharaɗi ba. Inco kuma ya yi abin da yawancin waɗanda suka zo bayansa ba su yi ba: ya gina masana'antar narka ma'adini a Sorowako kusa da tafkin Matano, ya fara fitar da kaya a 1978, ya kuma kafa madatsar ruwa a kogin Larona don samun lantarki. Amma kwangilar tsakanin mutum biyu ce, gwamnati da kamfani. Babu na uku. Mutanen Karonsi'e Dongi, waɗanda tawaye ya kora daga ƙauyensu a shekarun 1950, da suka dawo sai suka tarar ƙasarsu ta shiga cikin filin kamfani, wani ɓangarenta ma an mayar da shi filin wasan golf. Babu sakin layi ko ɗaya a kwangilar da ya ambace su, don haka ba su da ƙofar da za su shiga ƙara a ƙarƙashinta. Wannan giɓi shi ne ya fi damuna a dukan tarihin nan, domin an sauya dokoki sau da yawa amma ba a cike shi ba.

Ƙarfin tsohuwar kwangila ya fito fili bayan faɗuwar Suharto. A 1999 majalisa ta yi sabuwar dokar gandun daji, Doka ta 41, wadda ta haramta haƙar ma'adini ta buɗaɗɗen rami a dazuzzukan da aka keɓe. Kamfanoni da dama sai suka tarar filayensu suna cikin irin waɗannan dazuzzuka. Suka tunatar da gwamnati cewa kwangilarsu ta riga dokar, kuma hanyar kotun sasanci a buɗe take. A 2004 Shugaba Megawati Sukarnoputri ta fitar da dokar gaggawa da umarnin shugaban ƙasa da suka keɓe kamfanoni 13 daga haramcin. Inco na ciki, Weda Bay Nickel na Halmahera na ciki, Gag Nikel ma na ciki. Ga inda kariyar Gag ta samo asali. Tsibirin bai fi hekta dubu 6 da 'yan kai ba, filin da kwangilar ta ba kamfanin kuwa ya haura hekta dubu 13, wato ya haɗe tsibirin da wani ɓangaren tekunsa. Abin lura kuma shi ne yanzu Gag ba na baƙi ba ne, mallakar Antam ne, kamfanin gwamnati. Sulken da aka ɗinka don a jawo baƙo, yau kamfanin hukuma ne ke sanye da shi a gaban dokar hukuma.

Kada a ɗauka kuma lasisi ya zo da tsarki. Dokar raba iko ta 1999 ta ba shugabannin gundumomi damar bayar da izinin haƙa, aka kuwa yi ta rabawa. Lasisi suka haura dubu 10 a faɗin ƙasar, wasu a kan wasu, wasu a cikin dajin da aka keɓe, da dama kuma gab da zaɓe aka sa musu hannu. Lokacin ne masana'antun Sin suka ƙware wajen narka jar ƙasa mai ƙarancin nikel su fitar da ƙarfe mai arha, sai jiragen ruwa suka yi layi a gaɓar Sulawesi suna lodin ƙasa ɗanya. Gwamnan Sulawesi ta Kudu maso Gabas, Nur Alam, a 2018 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 12 saboda izinin nikel da ya bayar a tsibirin Kabaena. Kwangila tana ɗaure hannun gwamnati, lasisi kuma yana sakin hannun jami'i, kuma in babu mai sa ido, sakakken hannun nan aljihu yake nufa.

Babban juyin ya zo ne da Doka ta 4 ta 2009. Ta rufe ƙofar sabuwar kwangila baki ɗaya: daga yanzu kowane kamfani, na gida ko na waje, lasisi zai nema, gwamnati tana sama a matsayin mai bayarwa, ba abokiyar ciniki ba. Ta wajabta a sarrafa ma'adini a cikin ƙasa kafin a fitar da shi, ta ba masu tsohuwar kwangila shekara 5 su shirya. Ta kuma ce kamfanin waje ya riƙa sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, inda wata ƙa'ida ta 2012 ta kai abin zuwa kashi 51 cikin 100 kafin ƙarshen shekara ta goma da fara haƙa. A kan tsofaffin kwangiloli kuwa, sashe na 169 ya faɗi magana biyu a numfashi ɗaya: za a mutunta su har wa'adinsu ya cika, kuma dole a daidaita su da sabuwar doka cikin shekara ɗaya. Yadda za a mutunta abu a kuma tilasta sauya shi, wannan aka bar wa teburin tattaunawa.

Shekara ɗayan nan ta koma kusan goma. Batutuwa shida aka ja a kansu: faɗin fili, makomar kwangila in ta ƙare, kuɗin shigar gwamnati, sarrafawa a gida, sayar da hannun jari, da amfani da ma'aikata da kayan gida. Kamfanin Vale na Burazil, wanda ya sayi Inco a 2006, ya sa hannu a kan gyaran tasa a Oktoban 2014. Filinsa ya ragu daga kimanin hekta dubu 190 zuwa dubu 118, harajin ma'adini, wato kason da ake biya a kan abin da aka sayar ko an ci riba ko ba a ci ba, ya tashi zuwa kashi 2, ya kai 3 in farashi ya hau. Kamfanin Newmont mai haƙar jan ƙarfe ya gwada kai ƙara kotun sasanci a tsakiyar 2014, bai yi wata biyu ba ya janye. Freeport ya daɗe yana turjiya, amma a Disambar 2018 ya miƙa kashi 51 ga ɓangaren Indunusiya a kan dala biliyan 3.85, ya kuma karɓi lasisi na musamman a madadin kwangila.

Makamin gwamnati a duk wannan ba ƙwace ba ne, haƙuri ne da kalanda. Kowace kwangila tana da ranar ƙarewa, kuma kamfanin da ya binne biliyoyin daloli a tanderu ba ya iya naɗe su ya tafi. Wa'adin ta Vale kuwa Disambar 2025 ne. Tun kafin lokacin, kamfanin gwamnati MIND ID ya sayi kashi 20 na reshen Vale na Indunusiya a 2020, ya ƙara 14 a 2024, ya zama mai mafi yawan hannun jari da kashi 34. A shekarar ce aka ba Vale lasisi na musamman har zuwa 2035, bisa sharaɗin gina sababbin masana'antu. An biya kuɗin hannun jarin, ba a ƙwata ba, shi ya sa babu kotun waje da ta sami abin kamawa. A ganina wannan shi ne ɓangaren da Indunusiya ta fi nuna gwaninta.

Sai batun da ya fi yin suna, hana fitar da ɗanyen nikel. Ya fara aiki ranar 12 ga Janairun 2014, kuma da farko ya yi ciwo: ƙananan mahaƙa sun rufe, ma'aikata sun rasa aiki, Antam ya yi asara, ƙasar Filifin ta maye gurbi wajen sayar wa Sin. A 2017 gwamnatin Joko Widodo ta sassauta, ta bar masu gina masana'anta su fitar da ƙasa mai ƙarancin nikel. Daga baya ta sake ja, ta rufe ƙofar gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2020, shekara biyu kafin lokacin da ta sanar tun farko. Tarayyar Turai, wadda masana'antunta na ƙarfe suka ji a jikinsu, ta kai ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya a 2019, kuma a Nuwamban 2022 kwamitin shari'a ya ce Indunusiya ta saɓa ƙa'ida. Indunusiya ta ɗaukaka ƙara. Kotun ɗaukaka ƙarar hukumar kuwa ba ta zama tun Disambar 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Hukuncin ya tsaya a rataye, haramcin ya ci gaba. Sa'a ce ta haɗu da taurin kai, kuma ya kamata a faɗi haka, don kada wani ya zaci hujjar shari'a ce ta yi nasara.

Abin da haramcin ya haifar kowa ya gani. Kamfanin Tsingshan na Sin, tare da abokin hulɗarsa na gida Bintang Delapan, ya kafa rukunin masana'antu a Morowali, inda a da ƙauyukan masunta ne, yanzu dubun dubatar ma'aikata ke kwana suna tashi. An yi irinsa a Weda Bay. A tsibirin Obi aka buɗe masana'antar farko mai tace nikel ɗin batir da ruwan asid a 2021. Ƙididdigar gwamnati ta nuna kuɗin kayan nikel da aka fitar ya haura dala biliyan 30 a 2022, daga 'yan biliyoyi kaɗan kafin haramcin. Kayan sun yi yawa har farashin duniya ya faɗi da fiye da kashi 40 a 2023, kamfanin BHP ya dakatar da aikinsa na nikel a Ostareliya a 2024, masana'antar Koniambo ta Sabuwar Kaledoniya ta kashe tanderunta. Wannan manufa, wadda 'yan Indunusiya suke kira hilirisasi, ta yi aiki ne saboda Indunusiya ce ke da ajiyar nikel mafi girma a duniya, kuma mai saye ba shi da wata mafita mai sauƙi. Da aka yi irin haramcin a kan ma'adinin alminiyam a 2014, Sin ta juya zuwa Malesiya da Gini, masana'antu kaɗan kawai aka gina.

Tambayar da ta rage ita ce wa ya ci ribar, kuma amsarta tana cikin wani lungu na doka da ba a cika leƙawa ba. Dokar 2009 ta matsa wa mai haƙa. Masana'antar narkawa da ke zaman kanta kuwa ba ƙarƙashin dokar ma'adinai take ba, izinin ma'aikatar masana'antu take riƙe da shi. Ba a tilasta mata sayar da kashi 51, ba ta biyan harajin ma'adini, manya daga cikinsu kuma an yafe musu harajin riba na shekaru, wasu har 20. Tun da an hana mahaƙi sayarwa waje, ba shi da mai saye sai waɗannan masana'antu, su kuwa suka riƙa saye ƙasa da farashin duniya ƙwarai, har sai da gwamnati ta shata farashin ƙa'ida a 2020. Ribar ta tashi daga bakin rami, inda doka ke da haƙora, ta koma bakin tanderu, inda doka ke lallashi, kuma mafi yawan tanderun jarin Sin ne. Marigayi Faisal Basri, masanin tattalin arziki na Jami'ar Indunusiya, ya yi ta nanata cewa kaso mafi tsoka na ribar Sin yake tafiya. Gwamnati ta musanta lissafinsa, tana nuna ayyukan yi da harajin da ke shigowa. Ko da an rage wa maganarsa gishiri, tsarin dokar yana bayansa: an ƙi bai wa baƙo garanti a cikin kwangila, sai aka ba shi rangwame ta wata ƙofa.

Gyaran da aka yi wa dokar a Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, ya nuna inda ikon da aka ƙwato ya tafi. Doka ta 3 ta 2020 ta tattara bayar da lasisi a Jakarta. An riga an karɓe shi daga gundumomi zuwa gwamnoni a 2014, yanzu su ma aka karɓe. Ganin ɓarnar da aka yi a baya, akwai hujja. Amma nesa ta ƙaru tsakanin mai sa hannu da wanda rijiyarsa za ta gurɓace. A Satumban 2022 gwamnonin larduna uku na Sulawesi suka je gaban majalisa suka ce ba su goyon bayan tsawaita wa Vale, suna so larduna su karɓi filin. An saurare su, aka tsawaita. Dokar ta kuma ce an lamunce wa masu tsohuwar kwangila sabuntawa, sai da Kotun Tsarin Mulki a Oktoban 2021 ta ce wannan lamuni ya saɓa wa kundi, ana iya ba su ne kawai, ba dole ba. Sashe na 162 kuwa yana nan daram: duk wanda ya tare ko ya dagula aikin mai lasisi yana iya shan ɗaurin shekara ɗaya ko tarar rufiya miliyan 100. An yi amfani da shi a kan ƙauyawa masu tare hanyar katafila. A 2020 ɗin dai wata babbar doka ta samar da ayyukan yi ta taƙaita waɗanda ke da bakin magana wajen tantance illar aiki ga muhalli.

Kuɗin da ba a rubuta a lissafin fitarwa ba, mutanen wurin ne ke biya. Masana'antun suna cin lantarki sosai, kuma da kwal suke samar da nasu. Umarnin shugaban ƙasa na 2022 da ya hana gina sababbin tashoshin kwal ya keɓe irin waɗannan. Ranar 24 ga Disambar 2023 tanderu ya fashe a Morowali, ma'aikata 21 suka rasu, 'yan Indunusiya da 'yan Sin. A ɗan tsibirin Wawonii mazauna sun yi shekaru suna shari'a da wani kamfanin nikel, suna dogaro da dokar 2007 mai kare gaɓar teku da ƙananan tsibirai. Kamfanin ya nemi Kotun Tsarin Mulki ta sassauta dokar, kotun ta ƙi a Maris na 2024. Wannan nasara ce ta gaske, kuma lura da inda ta fito: ba daga dokar ma'adinai ba, daga wata doka dabam da ta bar wa talaka ƙofar shiga kotu.

A Afirka, Tanzaniya ce ta bi irin wannan hanya a kan nikel, amma da gaggawa. A 2017 gwamnatin John Magufuli ta yi dokokin da suka ba majalisa ikon sake duba duk yarjejeniyar da ta ga akwai zalunci a cikinta, suka ba hukuma aƙalla kashi 16 kyauta a manyan ayyukan haƙa, suka hana kai rikicin albarkatun ƙasa kotun waje. A 2018 aka soke wani rukunin lasisi na riƙon fili. Daga nan Kabanga, babbar ajiyar nikel kusa da iyakar Burundi, ta fita daga hannun Barrick da Glencore, aka ƙulla sabuwar yarjejeniya a Janairun 2021 wadda gwamnati ke da kashi 16 a cikinta, da alkawarin tacewa a cikin ƙasa. Sai dai dokar gida ba ta goge yarjejeniyar kare jari da ƙasar ta sa wa hannu da Birtaniya ba. Masu aikin nikel na Ntaka Hill, ƙarƙashin kamfanin Indiana Resources, waɗanda aka soke wa lasisi, suka dogara da ita suka kai ƙara, a 2023 kotun sasanci ta ce a biya su sama da dala miliyan 109, daga baya aka daidaita a kan miliyan 90. Indunusiya ta hango wannan tarko: tun 2014 ta fara warware irin waɗannan yarjejeniyoyi, ta fara da ta Holan, kuma ta jira wa'adi maimakon sokewa.

Mu ma maganar ba ta yi mana nisa ba. A 2016 gwamnatin Najeriya ta sanar da gano nikel a Dangoma, kudancin jihar Kaduna. Tsarinmu na lasisi ne, sashe na 44 na kundin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya ma'adinai, dokar 2007 kuma ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa. A takarda wannan ya cike wani ɓangare na giɓin da na ambata. Abin dubawa shi ne wa ke sa hannu a madadin al'umma, da ko manomin da gonarsa ta shiga fili ya taɓa ganin takardar. Kiran da ake yi na a riƙa sarrafa ma'adini a gida daidai ne, amma wanda bai riƙe rabin kasuwar duniya ba, kuma bai da tsayayyen lantarki, ba zai iya tilasta wa mai saye kamar yadda Jakarta ta yi ba.

A Indunusiya kuwa, tun da yawancin kamfanoni sun koma lasisi, gwamnati tana juya sharuɗɗa da alƙalami ɗaya. A Afrilun 2025 ta ɗaga harajin ɗanyen nikel daga kashi 10 zuwa tsakanin 14 da 19, gwargwadon farashi, ana tsakiyar faɗuwar kasuwa. Ta kuma mayar da amincewa da yawan abin da kamfani zai haƙa daga duk shekara uku zuwa duk shekara, don ta riƙa rage kaya in sun yi yawa. A zamanin Kontrak Karya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba zai yiwu ba sai an yi shekaru ana ja. Kamfanoni suna kukan rashin tabbas, kuma kukan nasu ba na banza ba ne, domin mai gina masana'antar shekara talatin yana buƙatar sanin harajin baɗi. Gwajin da ke gaba shi ne na gyaran ƙasa. Ƙasa mai yawan nikel, wadda tanderu ke ci, tana ƙarewa da sauri fiye da mai ƙaranci, har wasu masana'antu sun fara shigo da ɗanyen kaya daga Filifin. Dokar 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 5 da tarar rufiya biliyan 100 ga wanda lasisinsa ya ƙare bai cike ramuka ya mayar da daji ba. Yanzu da hukuma ta zama mai bayar da lasisi, mai karɓar haraji, kuma babbar mai hannun jari a reshen Vale da Antam, ita ce za ta gurfanar da kamfanin da ribarsa ke shiga baitulmalinta, kuma mazauna Sorowako da Halmahera ba su da kujera a inda za a yanke wannan shawara.